SHEHU MUHAMMADU ALKASHINAWI: BAKATSINEN DA YA KARANTAR DA ILIMIN LAMBOBI A MASAR

Gabatarwa

A wannan fitowa, filinmu na tarihin magabata zai kawo muku rayuwar wani malami ɗan ƙasar Katsina, wanda ya bar duniya fiye da shekara 280 da suka wuce, wato Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Masu binciken tarihin lissafi a Alƙahira da Landan sun san wannan suna sarai. Amma a nan gida, tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi, da wuya ka ci karo da ɗalibin sakandare da ya taɓa jin labarinsa.

Da yawa daga cikinmu mun taso da zaton cewa lissafi baƙon ilimi ne, wanda ya shigo ƙasar Hausa tare da Turawa da baƙin allo da alli. Wannan zato ya yi mana ɓarna ba kaɗan ba, domin har yau yaro yakan faɗi jarrabawar lissafi, a gida a ce ai ba komai, dama ba abinmu ba ne. Ga shi kuwa ba mai samun gurbin karatun likita, ko injiniya, ko akanta, sai da kiredit a lissafi. Tarihin wannan bawan Allah yana nuna mana cewa tun shekara 160 da ɗoriya kafin Turawan mulkin mallaka su ci Katsina a 1903, wani Bakatsine ya zauna a Masar, har ɗaya daga cikin manyan masananta ya durƙusa a gabansa yana ɗaukar karatun lambobi.

Ƙasar Katsina a Zamaninsa

Duk wanda ya san Magamar Jibiya ya san shingen kwastan da na jami'an shige da fice, ya san jerin manyan motoci, da 'yan canji masu riƙe da naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya hannun. Daga nan in ka tsallaka sai Ɗan Isa, gaba kaɗan sai Maraɗi. To, a zamanin da muke magana a kai babu wannan iyaka. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, aka kuma kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908. Kafin wannan lokaci kwarin Maraɗi yana cikin ƙasar Katsina ne. Shi ya sa ma bayan da sarakunan Haɓe suka rasa Birnin Katsina a 1807, daga baya a can suka kafa sabuwar sarauta, wadda ake kiran mai riƙe da ita Sarkin Katsinan Maraɗi. Saboda haka malamin da za mu ba da tarihinsa na mutanen ɓangarorin nan biyu ne, da masu karanta lissafi da Ingilishi, da masu karanta shi da Faransanci.

A farkon ƙarni na 18, Birnin Katsina yana cikin ganiyarsa ta kasuwanci. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Gadamas suna sauke gishiri da tufafi da takarda da littattafai, fatake kuma suna kawo goro daga Gwanja. Inda kasuwa ta kafu kuwa, ilimi yakan sami gindin zama. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya sauka a birnin ya karantar. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Hasumiyar Gobarau da ke tsaye har yau shaida ce ta wancan tsohon zamani na masallaci da karatu. A cikin irin wannan ƙasa ce Muhammadu ya taso.

Sunansa da Asalinsa

Mafi yawan abin da ya iso mana na rayuwarsa ya fito ne daga littafin shahararren marubucin tarihin nan na Masar, Abdurrahman Aljabarti, mai suna Aja'ibul Asar. A ciki an jera masa laƙabai guda huɗu, kowane da abin da yake nuni gare shi. Alfulani na nufin Bafillace. Alkashinawi na nufin Bakatsine, domin Larabawa Kashina suke rubuta sunan Katsina. Addanrankawi laƙabi ne da masana tarihi suke dangantawa da Kurmin Ɗan Ranko, wani tsohon gari a ƙasar Katsina. Assudani kuwa na nufin mutumin ƙasar baƙar fata, domin a wancan zamani sunan Sudan ya haɗa dukan ƙasashen da ke kudu da Sahara, daga gaɓar tekun yamma har zuwa Kogin Nilu. Kamar sauran malaman ƙasarmu, shi ma mabiyin mazhabar Malikiyya ne.

Karatunsa

Muhammadu ya yi karatu irin na zaure, wato ɗalibi ya lizimci malami har ya sauke littafi, sa'an nan ya ɗauki wani. An ambaci malamansa guda huɗu: Shehu Muhammadu Alwali, malamin ƙasar Barno da Bagarmi, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu, da Shehu Muhammadu Bindu.

A wajen Shehu Muhammadu Fodu ya karanci adabin Larabci da nahawu da sarfu. Ya zauna tare da shi kimanin shekara huɗu, in malam yana gida yana tare da shi, in ya yi tafiya ya bi shi. Ƙarfin haddarsa ya kai ga malamin ya yi masa laƙabi da Mai Muƙama, saboda ya haddace littafin Muƙamat har ta kai in an ambaci kalma ɗaya daga ciki, nan take zai kawo abin da ya gabace ta ba tare da ya yi gargada ba. Da ya ƙware a nahawu kuma, sai malamin ya sake masa laƙabi da Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun nan na Basra. Duk wanda ya san zaure ya san malami ba ya yi wa almajirinsa irin wannan kirari a banza.

A wajen Shehu Muhammadu Bindu kuwa ya karanci usulu da balaga da mandiƙi da littattafan tauhidi na Sanusi, ya saurari Buhari, ya kuma karanci kaso mai yawa na Muhtasar Halil. Daga hannun wannan malami ne ya ɗauki ilimin da ya ɗaukaka sunansa, wato ilimin haruffa, da ilimin hatimi, da hisabi, da ilimin sanin lokuta, duk bisa tafarkin Magaribawa, mutanen Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Abin lura a nan shi ne, duk wannan karatu ya same shi ne a hannun malaman ƙasashenmu, kafin ya kama hanyar Makka.

Hisabin Magaribawa da Lambar da ke Ninka Kanta

Yana da kyau mu ɗan tsaya mu ga mene ne wannan hisabi, domin a cikinsa za mu haɗu da wani darasi da dukanmu muka sha a aji, wato darasin fawa. Mai karatu zai tuna cewa idan lamba ta yi ta ninka kanta, maimakon a yi ta jera ta, sai a rubuta ta sau ɗaya, a ɗora mata 'yar ƙaramar lamba a kafaɗa, mai nuna sau nawa ta fito a cikin ninkin. Ta haka 2 sau 2 sau 2 ya zama 2³, wato 8. Haka nan 10⁶ ya ishe mu rubuta miliyan, abin da kakanninmu ke kira zambar dubu.

A hisabin zaure kowane harafin Larabci yana da lambarsa, kuma almajirai sukan haddace su rukuni-rukuni. A rukunin farko alif 1 ne, ya 10, ƙaf 100, shin 1000. A na biyu ba 2 ne, kaf 20, ra 200. A na uku jim 3 ne, lam 30, sin 300. Wannan jeri na Magaribawa ne, domin su mutanen Gabas harafin gain suke ba 1000. Idan muka dubi rukunin farko da idon ɗan boko, za mu ga 1 da 10 da 10² da 10³ ne aka jera, kowane harafi yana ninka na bayansa sau goma.

A fannin aljabara ma malaman Musulunci suna da sunayen da suke kiran waɗannan matakai. Tun wajen shekara ta 820, Alhawarizmi a Bagadaza ya kira lambar da ta ninka kanta sau ɗaya da sunan mal, wato dukiya, kalmar nan da muke ji a cikin baitulmali. Mataki na uku kuma ana kiransa ka'ab, wato abu mai tsawo da faɗi da tsayi daidai wa daida, asalinsu ɗaya da sunan Ka'aba. Wajen shekara ta 1000 Alkaraji ya ci gaba da jerin: mataki na 4 mal-mal, na 5 mal-ka'ab, na 6 ka'ab-ka'ab. Mai karatu ya lura da hikimar da ke cikin sunayen. Mal 2 ne, ka'ab 3 ne, in an haɗa su sun ba da 5. Wannan ita ce dokar da aka koya mana cewa 2² sau 2³ daidai yake da 2⁵, domin 4 sau 8 ya ba da 32. A kan wannan doka ce aka gina teburin logaridim mai lamba huɗu da muka riƙa shiga ɗakin jarrabawa da shi.

A ƙasar Magariba, Ibn Albanna na Marakish, wanda ya rayu daga 1256 zuwa 1321, ya yi amfani da kalmar ussu wajen kiran lambar da ke nuna matakin, kuma har yau da ita ake koyar da fawa a makarantun Larabawa. Alƙalasadi, wanda ya rasu a Tunisiya a 1486, yakan taƙaita sunayen da harafi guda, mim a madadin mal, kaf a madadin ka'ab. 'Yar lambar kafaɗa da muke rubutawa yau ta bazu ne daga littafin Rene Dekart na ƙasar Faransa a 1637. Ashe ke nan alamar ce ta zo mana ta hannun Turawa, amma ilimin ya daɗe a tafarkin hisabin da Muhammadu ya gada.

Tafiyarsa Zuwa Makka

Bayan ya ƙoshi da karatu a gida, sai ya ɗaura niyyar aikin hajji. A wancan zamani tafiyar Makka ba ta kwana ɗaya ba ce kamar yadda jirgi ya mayar da ita yau. Maniyyata sukan bi ta Agadas da Fezzan su faɗa Masar, ko kuma su yi gabas ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, a ƙafa ko bisa raƙumi da jaki. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci ta shekaru, kuma da yawa sukan yi sallama da iyali irin ta wanda ba ya sa ran dawowa. Muhammadu ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, ya ƙaru da su, su ma suka ƙaru da shi. Har ya rubuta littafin da ya ƙunshi abubuwan da suka same shi a cikin tafiye-tafiyensa.

Ya yi aikin hajji a shekarar Hijira 1142, wadda ta yi daidai da 1730. Bayan an sauko daga Arfa bai juyo gida ba, sai ya zauna a Makka yana ibada da nazari. A can ne ya fara rubuta babban littafinsa mai suna Addurrul Manzum.

Rubuce-rubucensa

Littafin Addurrul Manzum ya gina shi ne a kan wani tsohon littafi da ake jinginawa ga Faharuddini Arrazi, kuma yana magana ne a kan taurari da ɗalasimai da asirai. Ya kammala shi a Alƙahira a shekarar Hijira 1146, wato ƙarshen 1733. Daga baya an buga shi a maɗaba'a a Masar.

Littafi na biyu shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya gama a shekarar Hijira 1145, wato tsakanin 1732 da 1733. Wannan shi ne littafinsa kan ilimin haruffa da hatimi, kuma shi ne fannin da masana lissafi na zamani suka fi damuwa da shi. Bayan waɗannan yana da Bulugul Arab a fannin nahawu, da wata waƙa ta koyar da mandiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wadda shi da kansa ya yi mata sharhi.

A nan wajibi ne mu faɗi gaskiya. Mutanen wancan zamani, a ƙasashen Musulmi da na Turai baki ɗaya, suna jingina wa hatimi asirai, suna yin laya da shi, kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kan halaccin wannan. Ibn Haldun ma ya soki ilimin haruffa a cikin Muƙaddimarsa. Wannan fili ba na fatawa ba ne, mun bar wa malamai nasu. Abin da ya shafe mu shi ne, kafin mutum ya yi komai da hatimi sai ya iya gina shi, ginin kuwa lissafi ne tsantsa, wanda kowa zai iya jarrabawa da fensir da takarda.

Lissafin da ke Cikin Hatimi

Hatimin lambobi, wanda Larabawa ke kira wafaƙi, zane ne mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida kamar gurabun dara. Ana zuba lambobi daga 1 har zuwa adadin gidajen, kowace lamba sau ɗaya, ta yadda duk layin da ka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya zai ba ka. Mafi ƙanƙanta shi ne musallasi, mai gida 3 a kowane gefe:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Ko ta ina ka tara, 15 za ka samu. Tun daga matakin farko fawa ta shigo, domin adadin gidajen shi ne lambar gefe ta ninka kanta. Musallasi gida 3² gare shi, wato 9. Muhammasi 5², wato 25. Musabba'i 7², wato 49. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake kiran mataki na biyu murabba'i.

Hatimin da gefensa mara ne, wato 3 ko 5 ko 7 ko 9, yana da ƙa'ida mai sauƙi. Ka ninka lambar gefe da kanta, ka ƙara 1, ka raba biyu, abin da ya fito shi ne matsakaicin lambobin duka. Ka ninka shi da lambar gefe, ka sami jimlar kowane layi. A muhammasi, 5² ya ba da 25, a ƙara 1 ya zama 26, rabinsa 13, sa'an nan 13 sau 5 ya ba da 65. A mai gefe 9, matsakaici 41 ne, jimla 369. A mai gefe 11, matsakaici 61 ne, jimla 671. Tun kafin mai gini ya rubuta lamba ko ɗaya, ya riga ya san inda zai sauka.

Alkashinawi ya tattara hanyoyi daban-daban na gina hatimi mai gefe mara, har da masu bin tafiyar doki irin ta wasan shaɗaranji. Domin mai karatu ya ɗanɗani irin aikin, ga wata tsohuwar hanya da ta shahara a wajen malaman hisabi. Ka sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan ka riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama. In ka fita ta ƙasa, ka ɓullo ta sama. In ka fita ta dama, ka ɓullo ta hagu. Duk lokacin da ka tarar gidan da za ka shiga da mai shi a ciki, sai ka koma kan lambar da ka rubuta ta ƙarshe, ka sauka gida biyu ƙasa sak, ka ci gaba. Ga abin da zai fito a muhammasi:

11  24  7  20  3
4  12  25  8  16
17  5  13  21  9
10  18  1  14  22
23  6  19  2  15

Ga 13 nan a tsakiya, kuma kowane layi 65 ne. Wannan hanya ɗaya za ta gina maka mai gefe 7, ko 15, ko 101, ba tare da lalube ba. Samo ƙa'ida guda da za ta yi aiki a kan lambobi marasa iyaka shi ne ainihin aikin masanin lissafi.

Ga kuma wani misali namu na wannan fili, wanda zai haɗa hatimi da darasin fawa wuri guda. Ɗauki musallasin nan na sama, ka mayar da kowace lamba ta zama 'yar kafaɗar 2. Wato 4 ya koma 2⁴, 9 ya koma 2⁹, haka har ƙarshe:

16  512  4
8  32  128
256  2  64

Yanzu maimakon tarawa, sai ka ninka. 16 sau 512 sau 4 ya ba da 32,768. Haka 8 sau 32 sau 128, haka 256 sau 2 sau 64, haka a tsaye, haka daga kusurwa. Dalili shi ne dokar nan ta mal da ka'ab: in ana ninka lambobi masu tushe ɗaya, 'yan kafaɗarsu tarawa ake yi. Tun da kowane layi ya tara 15, to kowane ninki 2¹⁵ ne, wato 32,768.

Zamansa a Alƙahira

Daga Makka ya wuce Alƙahira, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkawa, kuma masallacin Azhar ya mai da ita matattarar malamai daga ko'ina. Mutanen ƙasashenmu ba baƙi ba ne a birnin, domin tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta a can saboda ɗalibansu da mahajjatansu. Sai dai galibi neman karatu ke kai su. Shi kuwa Alkashinawi ya isa ne da abin bayarwa.

Daga cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wajensa akwai Shehu Hasan Aljabarti, wanda ya rayu daga 1698 zuwa 1774. Wannan malami ne na fiƙihun Hanafiyya, kuma yana cikin fitattun masana ilimin falaki da lissafi da awo a Masar ta wancan ƙarni, gidansa cike da littattafai da kayan auna taurari. Duk da wannan matsayi, sai ya zauna gaban Bakatsine ya karanci ilimin hatimi. Zumunci ya yi ƙarfi a tsakaninsu har ya sauke shi a gidansa, ya ci gaba da zama a can har ƙarshen rayuwarsa.

A daidai waɗannan shekaru, a can Amurka, Benjamin Faranklin, wanda ya zama magatakardan majalisar Fensilbaniya a 1736, yana rage zaman majalisa da zana irin waɗannan hatimai. A 1776 kuma babban masanin lissafin nan Euler ya gabatar da takarda a kansu. Daga irin wannan bincike ne aka bunƙasa jadawalin da masana aikin gona suka fara amfani da shi a Ingila a shekarun 1920, wajen raba gonar gwaji gida-gida domin a gane irin da ya fi yabanya ko takin da ya fi kyau. Wato fannin da malaminmu ya ba da ƙarfinsa a kai, fanni ne da manyan masu tunani na zamaninsa suka ɗauka da muhimmanci.

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa a Alƙahira a shekarar Hijira 1154, wadda ta yi daidai da 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan abin da ya bari, ciki har da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar da ake kira Lambun Malamai, ya gyara kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kai. Bai sake ganin Katsina ba.

Shekara 12 bayan haka, a 1753, aka haifa wa Shehu Hasan ɗa, aka sa masa suna Abdurrahman. Wannan yaro bai ga baƙon mahaifinsa da ido ba, amma ya taso a gidan da littattafansa suke, kuma da ya girma ya zama marubucin tarihin Masar, sai ya ba shi gurbi a cikin manyan malaman ƙarnin, ya siffanta shi da zurfin ilimi da ƙwarewa a fannoni masu yawa. Mai karatu ya kuma lura cewa Alkashinawi ya rasu shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, da shekara 181 kafin a buɗe Kwalejin Katsina a 1922.

Abin da ya Bari

Tun da a Masar ya rasu, a can littattafansa suka zauna, daga nan wasu kwafe-kwafe suka bazu zuwa ɗakunan karatu na wasu ƙasashe. Akwai kwafin rubutunsa kan hatimi mai gefe mara a Makarantar Nazarin Ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta yi bayaninsa a cikin littafinta kan ƙidaya da lissafi a Afirka, abin da ya sa sunansa ya shiga azuzuwan ƙasashen Turai da Amurka. A 1994 kuma wani masanin tarihin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Jacques Sesiano, ya yi nazarin hanyoyin ginin da ke cikin rubutun nasa. Abin takaici ne a ce baƙi sun riga mu sanin darajar abin da ya fito daga ɗakinmu.

Kammalawa

'Yan'uwa, a taƙaice wannan shi ne tarihin Shehu Muhammadu Alkashinawi: ya yi karatu a hannun malaman ƙasashenmu, ya yi hajji a 1730, ya wallafa littattafai a Makka da Alƙahira, ya karantar, ya rasu a 1741. Bai raba nahawu da lissafi ba, bai kuma ɗauki ɗayansu a matsayin na wasu mutane daban ba.

Muna roƙon malamanmu na lissafi, da 'yan'uwanmu da suka gaji alli daga hannunsu, duk ranar da suka zo koyar da darasin fawa, su ambaci mal da ka'ab, su ambaci wannan Bakatsine, domin yaro ya san yana da gado a cikin abin da ake koya masa. Mu kuma iyaye, ga ɗan aiki da za mu ba yara a gida bayan sallar isha'i: su zana musabba'i mai gida 49, su bi hanyar da muka bayyana a sama. In sun bi daidai, za su tarar da 25 a tsakiya, kowane layi kuma 175.

Allah Ya jiƙan Shehu Muhammadu Alkashinawi da malamansa, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana, amin.